Shayin Japan na Alhaji Mamuda

Wani mutum ne a Funtuwa, Alhaji Mamuda, mai sayar da kayan gyaran mota a layin 'yan tokumbo, masu tsofaffin kayan da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. In ka shiga kasuwa ka ce kana neman Alhaji Mamuda, sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce Na-Tokiyo, ko mai tura baro sai ya nuna maka shagonsa da leɓe.

Shi ya raɗa wa kansa sunan, babu rago babu goro. Allah ya ba shi baki, bai ba shi birki ba. Duk hirar da aka ɗauko, ko ta tsadar taki ce, sai ya murɗa kanta ya nufi Japan da ita.

A ce yau rana ta ƙwalle, sai ya ce, "Ku kun ga rana? A Japan take fara fitowa da ɗuminta. Mu nan saura ake aiko mana."

A ce an ɗauke wuta, sai ya yi tsaki. "A Tokiyo in wuta ta ƙifta, manajan kamfanin wutar da kansa yake bi gida-gida yana durƙusawa."

Alhali, tsakani da Allah, iyakar tafiyar Mamuda Kwatano. Wata shekara ce ya je saro kaya, zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin wani dillali, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya dawo a rame, wuya kamar mariƙin lema. Aka ce, "Alhaji, ina ka shige?" Sai ya ji kunyar cewa sauro ne ya kayar da shi, ya ce ai daga Japan yake, abincinsu ne ba ya sa ƙiba. Ƙarya ta zauna daram. Tun yana faɗa yana sunkuyar da kai, har ya koma in ya faɗa sai ya ji kewar wurin.

To, ana nan, 'yan layin suka gaji da dillalan Legas da na Kwatano. Injin da aka ce maka sabo fil, ka ɗora a mota, ya yi tari uku ya mutu. Ƙungiya ta zauna ta yanke shawara: za a haɗa ƙarfi a tura mutum ɗaya Japan, ya je ya zaɓo kaya da idonsa. Jirgi, masauki, abinci, duk a wuyan ƙungiya.

Mutum biyu aka sa a gaba. Na farko Lawwali, wani matashi mai shiru-shiru da ke ƙarshen layi, yana jin Turanci, ba ya shiga sabgar kowa. Na biyu, wa kuke tsammani? Na-Tokiyo mana. Zaɓi kuma yana hannun shugaban ƙungiya, Alhaji Bawa Ciyaman, dattijo mai tumbi da farin gemu, wanda babu abin da ya tsana a duniya irin a ce masa baƙauye.

Mamuda yana son tafiyar nan kamar ransa. Ba don jirgin kaɗai ba. In ya je ya dawo, ƙaryar shekara da shekaru ta zama gaskiya, ya huta da fargaba. In kuwa aka tsallake shi aka ɗauki yaro, ai kasuwa za ta fara tambaya, kuma tambaya ita ce abin da ba ya so.

Sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Aka sauke masa wata mota da aka yanko rabi, yana lalube a cikin but ɗin bayanta, hannunsa ya ci karo da wani ɗan akwatin katako. Ya buɗe. Ga wani kwanon tangaran baƙi, ga ɗan cokalin gora siriri, ga wani abu mai tsinke-tsinke kamar ƙaramin maburgi, ga kuma gwangwani a liƙe, ba a taɓa buɗe shi ba, jikinsa duk rubutun Japanawa. Ya ɓalle murfin. Gari ne kore shar, laushi kamar hoda.

Ya ɗauki hoto ya tura wa ƙanin matarsa mai karatu a Zariya. Amsa ta dawo: garin shayin Japan ne, sunansa maca, ga bidiyon yadda ake haɗawa.

Mamuda ya daka tsalle. "Abin nema ya samu!"

Ya kai gida ya kulle kansa a falo da waya. Haɗin farko da ya yi, ya zuba tafasasshen ruwa, ya kurɓa, ya ji kamar ya tauna ganyen darbejiya. Ya furzar. Ya sake kallon bidiyo, ashe ba a son ruwan ya yi zafi can, sai an bari ya ɗan huce. Ya rage gari. Ya koyi kaɗawa da tsintsiyar hannu, gaba da baya, caka-caka-caka, har kumfa ta taso luf a saman kwano. Ya fara tauna dabino kafin ya kurɓa. Kai, sai ga shi abin ya shige shi. Kullum da safe, kafin ya fita kasuwa, sai ya shimfiɗa darduma a gindin mangwaron tsakar gida, ya rungumi kwanon nan da hannu biyu, yana kurɓa yana lumshe ido. Ɗan ɗaci, sannan wani garɗi ya biyo baya, kai ya washe, jiki ya yi sakayau. Wannan kam, a faɗi gaskiya, ba ƙarya yake ba, daɗin abin yake ji har ransa.

Matarsa, Hajiya Sa'ade, ta ɗanɗana sau ɗaya ta ce, "Alhaji, in dai ciyawa ce, ai akwai a bayan gida."

"Ke dai ba ki waye ba," in ji shi. Ya ɗauki gwangwanin da maburgin ya adana a cikin firij, kamar yadda mai bidiyo ya ce.

Da hannunsa ya faɗa, sai ya je ya sami Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, kafin ka yanke hukunci, ina so ranar Asabar bayan la'asar ku zo gida. Zan shayar da ku shayin da Japanawa ke ba manyan baƙi. Da hannuna na zo da shi, na daɗe ina ɓoyonsa. A zo da Lawwali ma, yaro ne, ya ga yadda ake yi. Don can in ba ka iya shan shayinsu ba, ko kusa ɗaya ba za su sayar maka ba."

Ciyaman ya shafa gemu. "To, madalla. In na ga abin da ido, a nan take zan faɗi wanda zai tafi."

Ana gobe Asabar, Goggo Tabawa ta sauka daga Ɗandume. Ƙanwar mahaifin Mamuda ce, ita ta goya shi, ita ta yaye shi. Tsohuwa ce 'yar firit, amma in ta buɗe murya har maƙwabta sai sun gyara zama. Ba ta iya zama haka kawai ba. In ta zo gidanka da safe, kafin azahar ta sauya wa tukwanenka wuri, ta gaya maka kuma laifinka. Ta zo da ƙullin tsaraba niƙi-niƙi: daddawa, kuɓewa busasshiya, man shanu, da kuka.

Ranar Asabar Hajiya Sa'ade ta tafi suna Bakori, gida ya zama na Goggo. Mamuda ya dawo daga kasuwa da wuri. Ya sa aka kwashe kujerun falo kaf, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya jera dabino a faranti. Ya yi wanka, ya saka farar shadda. La'asar na gabatowa ya nufi firij yana 'yar waƙa.

Gwangwani na nan. Sai dai ya ji ya yi nauyi. Ya buɗe, ya gan shi cike fal har baki. Koren kuma ya ɗan dushe. Ya kai hanci.

Ya juya a guje ya nufi tsakar gida.

"Goggo! Goggo!"

"Ina nan, ba na kurma ba," ta amsa daga bakin murhu, tana kwashe tuwo.

"Wa ya taɓa gwangwanin nan?"

"Au, kukar? Ni ce. Zo nan, Mamuda, dama ina nemanka. Wane marar tsoron Allah ne ya sayar maka da wannan kuka? Na ga ta yi kyau a ido, na ce bari in yi muku miya da ita. Na juye ta duka a tukunya. Na kaɗa, na kaɗa, da ɗan maburgin nan naku na 'yan birni, har kafaɗata ta yi tsami. Yauƙi ko na rantsuwa babu! Sai kumfa kamar an zuba sabulu. Na ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci. Ta ɓata min daddawa, ta ɓata min nama."

Mamuda ya dafe bango. "Duka kika juye?"

"Duka. Na tsame naman, na kai wa akuyar maƙwabta ruwan, ta sunsuna ta juya min baya. Na tuttular a kwata. Amma kada ka damu, ɗan nan. Na wanke maka gwangwanin, na cika shi da tawa. Wannan ita ce kuka, ba waccan ta 'yan damfara ba."

"Goggo, shayi ne! Shayin Japan ne!"

"Shayi kore? Allah ya sawwaƙe. To, ai gara da na zubar, kafin ya kashe wani."

Kafin ya sami abin cewa, sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Ɗiiit! Ɗiiit! Ciyaman ya iso.

Gumi ya karyo wa Mamuda. Gaba damisa, baya sayaki. In ya fita ya ce shayi ya ƙare a kwata, tafiya ta sha ruwa. Ya tsaya ya dubi gwangwani, gwangwani ya dube shi. Sai Shaiɗan ya matso kusa da kunnensa. Yo wa ya taɓa shan abin nan a cikinsu? Kore dai kore ne. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

"Goggo, don girman Allah, manyan mutane ne suka zo. Maganar kasuwa za mu yi. Kada ki fito, kada ki leƙo."

"Ni ina ruwana da maganarku? Tuwona nake yi."

Baƙi uku ne. Ciyaman a gaba, Lawwali a baya, a tsakiya kuma Haladu, maƙwabcin shagon Mamuda, wanda ba a gayyata ba amma ya ji an ce za a sha wani abu. Haladu irin mutanen nan ne da ko maganin tari aka ce kyauta ne sai sun miƙa cokali.

Suka yi sallama suka shiga, suka tarar da falo wayam.

"A'a, Na-Tokiyo, ɓarayi ne suka shigo?" in ji Haladu.

"Haka ake yi a can. Ba a shan shayin nan a kan kujera. Ku durƙusa, ku zauna a kan dugaduganku."

"Wannan ai zaman tahiya ne."

"Shi ya sa nake gaya muku mutanen kirki ne."

Ciyaman ya tattare babbar riga ya fara sauka. Gwiwa ta ce ƙas! Ɗayar ta ce ƙaras! Ya dire a tabarma yana nishi, amma ya daure, ya gyara hula, kada a ce bai saba ba.

Mamuda ya durƙusa a gabansu, fuska a ɗaure kamar mai shirin yi wa gawa wanka. Ya goge kwano a hankali. Ya goge cokali. Ya ɗaga gwangwani sama da hannu biyu ya sunkuyar da kai. Ya ɗebi gari ya zuba, ya tsiyaya ruwan zafi, ya ɗauki maburgi ya shiga kaɗawa.

Da can ƙarar da yake ji caka-caka ce. Yau sai ya ji laɓ-laɓ-laɓ. Ruwa ya yi kauri, ya yi duhu, ya kama maburgi. Ya ɗaga hannu, abin ya biyo shi zololo. Ya mayar da sauri. Wani ƙamshi da kowane Bahaushe ya sani tun yana goye ya fara zagaya falon.

Lawwali ya ɗan leƙo. "Alhaji, ni a hoto na ga kamar yana yin kumfa."

"A hoto ka ce ko? To, ni ba a hoto na gani ba. Iri biyu ne, yaro. Akwai tsararo mai kumfa, wanda ake ba direbobi da masu gadi. Akwai kuma mai kauri, na shugabanni. Yanzu kai so kake in ba Ciyaman na masu gadi?"

"A'a, Allah ya ba ka haƙuri."

Ciyaman ya harari Lawwali, ya miƙa hannu biyu. Mamuda ya nuna masa yadda zai juya kwanon a tafin hannu, ya ce ya fara cin dabino, sannan ya kurɓa, kurɓar ƙarshe kuma a ja ta da ƙara, don mai gida ya san an yaba.

Ciyaman ya yi bisimilla ya kafa kai. Zuuut!

Ya tsaya. Idonsa ya yi waje. Maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa, abin ya wuce sulluɓ. Wallahi harshensa ya gane, don shekara sittin yana hulɗa da wannan ɗanɗanon. Amma ga kwano na Japan, ga gwangwani da rubutun Japan, ga yara biyu sun zuba masa ido. Ya faɗi abin da ke bakinsa, a ce Ciyaman guda bai san shayin manya ba? Ina!

Ya sauke kwano. Wani zare kore ya taso daga leɓensa, ya miƙe zar har bakin kwanon, ya yi lilo, ya kwanta a kan farin gemu.

Mamuda ya tafa hannu. "Allahu akbar! Ya kama ka, ranka ya daɗe! Ya yi maka zare! A can in shayi ya yi wa mutum zare, tashi ake yi a gaishe shi. Ba kowa yake yi wa ba, sai mai jinin mulki."

Ciyaman ya ji daɗi, baki har kunne. Ya ƙi ma share gemun. "Hmm. Lallai. Wannan na asali ne."

Aka haɗa wa Haladu. Shi ko juya kwanon bai tsaya yi ba, ya ɗaga ya shanye, ya sa yatsa ya suɗe. Ya shiga tanɗe baki, yana kallon silin.

"Na-Tokiyo, wallahi kamar na san shayin nan. Kamar mun taɓa haɗuwa a wani wuri."

"Jikinka ne ya gane lafiya."

"Kuma ka san wani abin mamaki? Ina sha sai na ji hannuna na dama yana neman wani abu."

"Alamar yana aiki ke nan. Jini yake tsinkawa."

Aka zo kan Lawwali. Ya kai kwano hanci, ya sauke. Ya sake kaiwa.

"Alhaji, ka gafarce ni. Ni fa kamar ina jin ƙamshin daddawa."

Maburgin ne, bai gama sakin miyar Goggo ba. Amma bakin nan na Mamuda ba ya mutuwa.

"To, ka ga irinta! Wannan wa za a tura? Kai ba ka san Japanawa suna da daddawarsu ta waken suya ba? A ɗaki ɗaya suke ajiye ta da shayin, don ya ɗauki ƙamshi. In ba ka ji daddawa ba, jabu aka ba ka."

"Amma yauƙin nan..."

"Kai Lawwali!" Ciyaman ya daka masa tsawa. "Abin da mutum bai sani ba, shiru ya fi masa. Ni nan da kake gani na sha irinsa a Dubai, a wani babban otal. Sak wannan. Har wancan bai kai wannan yauƙi ba."

Lawwali ya ce, "Allah ya huci zuciyarka." Ya runtse ido ya haɗiye.

Mamuda ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har dugadugi. Shi ke nan, ya haye. Har ya fara jin ƙugin jirgi a kunnensa. Da ya tsaya nan, da ya sha. Amma mai cika baki bai san ya isa ba. Ya shiga bayani: a kan dutse ake shuka ganyen, a inuwa, 'yan mata masu safar hannu ke tsinka, tsofaffi ke niƙawa da dutsen niƙa, shi da kansa ya tsaya a kansu aka niƙa masa wannan.

Ciyaman ya gyaɗa kai. "Ina ganin magana ta kusa ƙarewa. Amma a ƙaro min kwano ɗaya tukuna, in ji daɗin yanke hukunci."

Ruwan zafi ya ƙare. Mamuda ya ɗauki buta da kwano ya shiga cikin gida da rawar jiki. Yana tsiyayar ruwa a bakin murhu, Goggo ta kai ido kan kwanon. Ta karɓe shi ta duba. Ta lakata ta ɗanɗana.

"Mamuda."

"Na'am, Goggo."

"Me nake gani? Kuka kake ba baƙi? Tsura?"

"Goggo, rage murya."

"Babu gishiri, babu daddawa, babu ko ɗigon mai? Mutane su tako ƙafa su zo gidanka, ka tsugunar da su a ƙasa, ka dama musu kuka da ruwan zafi kamar masu zawo? Talauci ne ya kama ka ko rowa?"

"Al'adar wata ƙasa ce, ba za ki gane ba. Don Allah ki bar ni in gama, saura ƙiris."

"Baƙonka fa annabinka ne, Mamuda."

"Na sani, na sani. Ki zauna dai."

Ta yi masa wani kallo, ta ce, "To." Shi kuwa ya manta cewa tun yana yaro, in Goggo ta ce "to" a gajarce, ba ta yarda ba ne.

Ya koma falo, ya durƙusa, ya dama wa Ciyaman na biyu, har da ƙarin cokali. Ciyaman ya karɓa, ya juya kwano kamar tsohon gwani, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, tafiya irin wannan ba ta yaro ba ce. Tana son wanda ya san mutanen, ya san cinsu, ya san shansu. Saboda haka, ni Bawa, a matsayina na shugaba..."

"Salamu alaikum!"

Labule ya yaye. Sai ga Goggo Tabawa, mayafi a kafaɗa, da ƙaton faranti a hannu. Malmalar tuwon dawa tana tururi, kwanon miya man shanu na yawo a kai, ga yaji a gefe, ga ruwan wanke hannu. Ta dire a tsakiyar tabarma, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Bayin Allah, ku yi haƙuri. Ku dubi girman Allah ku rufa mana asiri, kada maganar nan ta fita. Wallahi ba haka muka rene shi ba. Ubansa, Allah ya jiƙansa, ko maƙiyinsa bai taɓa ba kuka babu tuwo ba."

Mamuda ya sunkuyar da kai, ya kafa wa tabarma ido.

Ciyaman ya dubi kwanon da ke hannunsa. "Hajiya... kuka kika ce?"

"Kuka mana, Alhaji. Kuma ba laifinta ba ne, kuka ce mai kyau. Daga bishiyar bayan gidanmu ta Ɗandume aka sassabo ta. Ni na shanya ta a inuwa, ni na daka, ni na tankaɗe, ɗazun nan na cika masa gwangwani da ita. Waccan koriyar da ya ce ta Japan ce, tana kwata, ko akuya ta ƙi ta." Ta leƙa kwanon Ciyaman ta kama haɓa. "Dubi, duk gudaji! Ko kaɗawar ma bai iya ba. Kawo in sa maka gishiri."

Haladu ne ya fara. Wani sauti ya ƙwace masa ta hanci, fiit! Sai ya kife a tabarma yana dukan ƙasa.

"Na faɗa! Na ce na san shi! Wayyo cikina! Ashe tuwo hannuna yake nema!"

Lawwali bai yi dariya ba. Ya dai sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe har Dubai ake kai ta Ɗandume."

Haladu ya sake birkicewa, har hularsa ta gangara bakin ƙofa.

Ciyaman ya ajiye kwanon a gabansa. Ya sa hannu ya share zaren da ke gemunsa, ya dube shi, ya goge a tabarma. Ya warware ƙafafunsa daga zaman Japanawa da ƙyar, ya miƙe su gaba, ya tanƙwashe irin na gida. Ya jawo ruwa ya wanke hannu. Ya yanki loma, ya tsoma cikin baƙin kwanon tangaran ɗin, ya barbaɗa yaji, ya kai baki. Ya haɗiye, ya lumshe ido.

"Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Yanzu shayin ya cika."

Mamuda ya matso a kan gwiwoyinsa, shadda ta jiƙe sharkaf. "Ranka ya daɗe, ai... wato... akwai bayani..."

"Lawwali," in ji Ciyaman, ko kallonsa bai yi ba, "ranar Litinin ka kawo min fasfonka."

"To ni fa, ranka ya daɗe?"

Ciyaman ya sake yankar loma, ya juya ta a cikin kwano a natse.

"Kai ma akwai tafiya, Alhaji Mamuda, ba za mu bar ka haka ba. In Hajiya ta tashi komawa, kai za ka raka ta Ɗandume, ka ɗebo wa ƙungiya shayi. In ka isa, ka gaishe mana da Japanawa."